Tambaya da Amsa: Feftaid mai jelar kitse da yadda yake ɗaukar magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna. An koya mana cewa idan aka ɗaura wa feftaid kitse, yakan haɗa kansa ya zama zare ko ƙwallo, a cusa magani a ciki. Wa ke jera su? Kuma me ya sa wanda ya yi kyau a kwalba yake wargajewa da ya shiga jini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babu mai jera su sai ruwa. Feftaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid. Idan aka maƙala masa kitse a gefe ɗaya, galibi famitik asid mai kabon 16, ya zama abu mai hali biyu: jela tana gudun ruwa, kai yana son sa. Da an zuba shi a ruwa sai jelolin su cure a ciki, kawunan su fuskanci waje. Sabulu ma haka yake yi. Inda feftaid ya rabu da sabulu shi ne amino asid ɗin da ke kusa da jela sukan riƙe na maƙwabtansu da haɗin haidirojin, su jeru sahu-sahu, ƙwallon ya miƙe ya zama zare. A 2001 Samuel Stupp da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka nuna irin wannan zare, kaurinsa nanomita 7 zuwa 8, tsawonsa ya haura maikiromita ɗaya.

Siffar da za a samu tana bin girman kai ne a kan jela. Babban kai mai caji da yawa yakan ba da ƙwallo. Idan kan ya ragu, zare. Jela biyu kuwa sun fi karkata ga jaka mai ruwa a cikinta. Wani jeri da aka saba aiki da shi: kitse, sai amino asid ɗin nan: balin uku, alanin uku, gulutamik asid uku.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ana gina feftaid ɗin a kan ƙwayoyin roba, amino asid ɗaya bayan ɗaya, kitsen ya zo ƙarshe. A yanko shi daga jikin robar da wani asid mai ƙarfi da ake kira TFA, a tace da na'urar tace sinadarai ta HPLC, a busar da shi a daskare. Sai a narkar da kimanin miligiram 10 a mililita ɗaya na ruwa, a kai pH, wato ma'aunin tsami, wajen 7. A nan gulutamik asid yana ɗauke da caji, zaruruwan suna ture juna, haɗin ya zauna ruwa-ruwa. Ki sauke pH ƙasa da 4, ko ki ɗiga gishirin kalsiyam, cajin ya kwanta, nan take ya yi kauri kamar ƙullu. Wasu kan ɗumama shi a digiri 80 na minti 30, su bari ya huce a hankali don zaren ya yi tsawo. Maganin da ba ya narkewa a ruwa ana narkar da shi tare da feftaid a sinadari ɗaya, a busar, sannan a zuba ruwa. Sai ya maƙale tsakanin jelolin. A cire maganin da bai shiga ba kafin a auna yawan wanda ya shiga, in ba haka ba lissafin ya yi ƙarya.

Batun jini kuwa, shi ne tushen wahalar. Waɗannan gine-gine ba ɗinki ba ne, jingina ce, kuma akwai ma'aunin da idan yawan feftaid ya gaza shi sai su warware. Jinin babban mutum ya kai lita 5, allura kuwa 'yan mililita ce, don haka yawan feftaid yakan faɗi ƙasa da wannan ma'auni. Ga kuma albumin, wani furotin na jini, giram 35 zuwa 50 a kowace lita, wanda aikinsa ke nan ɗaukar kitse: zare jelolin yake yi ɗaya-ɗaya. Maganin ya zube gaba ɗaya kafin ya isa inda aka aike shi. Shawarata, kada ki yarda da gwajin da aka yi a ruwan gishiri kaɗai. A maimaita shi a ruwan jini. Ki kuma kula da abu biyu: ragowar TFA tana kashe ƙwayoyin gwaji a ɗora wa feftaid laifi, sannan amino asid ɗin laisin mai yawa haɗe da doguwar jela yana fasa jajayen ƙwayoyin jini.

Tambaya: Malam, akwai wanda ya kai ga marasa lafiya, ko duk a ɗakin gwaji suke?

Amsa: Akwai. Insulin ɗin Tresiba yana da jelar kitse mai kabon 16. A kwalba sinadaran fenol da zinki suna riƙe shi a ƙananan dunƙule. Bayan allura ƙarƙashin fata fenol ya watse, dunƙulen su sarƙe su zama dogayen sarƙoƙi, zinki ya riƙa fita sannu a hankali yana sakin insulin, har aikinsa ya wuce awa 42. Victoza, allurar ciwon sukari, famitik asid ne ya sa shi riƙe albumin, a nan kuwa riƙon amfani ne: sinadarin jiki da aka kwaikwaya rabinsa yana ƙarewa cikin minti 2, na Victoza kuwa sai kimanin awa 13. Zaren da ake loda wa maganin daji dai yawancinsa yana matakin gwaji a dabbobi.