Kafin ka yi wa wayar mutum filashin

Ka tambaye ni jiya bayan La'asar, ina tsakiyar haɗa sikirin, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce me ya sa idan aka kawo waya ta maƙale a kan tambarin kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya, ba na barin ka jona ta da kwamfuta ka yi mata filashin nan take kamar yadda ake yi a wasu shagunan nan Gusau, sai na ce a tsaya a yi wa mai ita tambayoyi. Ka kuma ce ai yawancinsu cewa suke komai nasu yana cikin sim, ko yana cikin imel. To yarona, ga amsar, ka karanta ta a natse.

Filashin yana sake rubuta manhajar da ke tafiyar da waya, kuma a mafi yawan lokuta yana tafiya da duk abin da mai ita ya tara: hotuna, lambobi, saƙonni, komai. Akwai hanyoyin da ba sa taɓa kayan mutum. A Samsung, idan ka zaɓi fayil ɗin HOME_CSC maimakon CSC, kayan kan tsira. A Tecno da Infinix masu injin kamfanin MediaTek kana iya cire alamar da ke kan ɓangaren kayan mai waya a manhajar filashin kafin ka danna. Amma ba kowace cuta ce ke jin wannan maganin ba, kuma zaɓin nan da ke share komai da komai har lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, yakan tafi da ita, waya ta tashi ba sabis. Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne, abin da aka share a wayar zamanin nan ba ya dawowa. A da mukan ciro ƙwayar ajiya daga injin waya mu karanta ta a wata na'ura. Daga Android 10, wadda ta fito a 2019, sabbin wayoyi suna zuwa da abin da ke cikinsu a kulle, mabuɗin kuma yana ɗaure da injin wayar da lambar buɗe sikirin ta mai ita. Da zarar an share, mabuɗin ya tafi. Manhajojin nan da ake tallar suna dawo da hotunan da aka goge, kada ka karɓi kuɗin kowa da sunansu bayan filashin.

Maganar sim ba ta da tsawo. Sim yana ɗaukar lambobi wajen 250, suna da lamba kawai, ba hoto ba saƙon murya. Mutumin da ke da lambobi dubu a wayarsa ya ce maka suna cikin sim, bai san inda suke ba ne. Ka buɗe wurin lambobin ka duba a ina ake ajiye su: a sim, a cikin wayar kanta, ko a asusun Google. Waɗanda ke cikin wayar kanta su ne ke mutuwa tare da ita. Ka fitar da su zuwa fayil ɗin vcf, ɗan ƙarami ne ƙwarai, sannan ka mayar da su asusun Google ɗinsa.

Maganar imel ita ce mai rikici, don gaskiya ce rabi. Samun Gmail a waya bai nuna ana ajiye komai ba. Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a cikin wannan 15 ɗin suke ci. Bakof ɗin Android na cikin saitin, wato kwafin kayan waya da ake ajiyewa a asusun Google, yana ɗaukar lambobi, tarihin kira, saƙonnin tes, saitin waya da jerin manhajoji. Hotuna hanyarsu daban, sai an kunna Google Photos. WhatsApp ma hanyarsa daban. Abin da aka turo ta Xender, da takardun da aka sauke, da karatun da aka naɗa da rikodar waya, da abin da aka ɓoye a manhajar ɓoye hotuna, yawanci babu mai ɗaukarsu sai an kwafe da hannu. Don haka ba na tambayar mutum ko yana da bakof. Buɗewa nake in ga ranar da aka yi na ƙarshe. Za ka sha ganin wata takwas, shekara guda, ko a rubuce ba a taɓa yi ba.

Ka san dalili? Waɗannan manhajojin an saita su ne su jira waifai kafin su tura komai, mu kuwa mutum nawa ne ke da waifai a gida a Tudun Wada ko Sabon Gari, balle Bungudu da Maru? Sai waya ta yi ta jira, mai ita yana ganin an gama masa. Dole ka shiga ka ba ta izinin amfani da datar sim, ka kuma faɗa wa mai ita gaskiya cewa turawar farko za ta ci data sosai, ya sayi ta dare mai sauƙi ya bar wayar a caji. WhatsApp dama wajen ƙarfe 2 na dare yake yin nasa.

Bari in daɗe kaɗan a kan WhatsApp, don nan ne rayuwar mutanenmu take. Ɗan kasuwa ba ya rubuta bashi a littafi yanzu, saƙon murya ne: na karɓi buhu ashirin, zan cika ranar kasuwar Shinkafi. Kafin hirarraki su dawo a sabuwar waya sai abu uku sun haɗu, lambar waya ɗaya, asusun Google ɗaya, da bakof ɗin da ya riga ya hau. Kuma sau ɗaya WhatsApp ke tambaya ko a dawo da su, lokacin da aka saka lamba aka tabbatar da ita. Idan ka yi gaggawa ka tsallake, ya buɗe fayau, to cikin dare zai iya yin sabon bakof na wannan fayau ɗin ya danne tsohon, don guda ɗaya tak yake ajiyewa a Drive. Idan hakan ta faru a hannunka, kada ka bar wayar ta kwana. Cire manhajar ka sake saka ta tun kafin dare. Bidiyo ba ya shiga sai an kunna masa nasa maɓallin, kuma ni ban cika ba da shawarar a kunna ba, domin tun farkon 2024 bakof ɗin WhatsApp na Android ya shiga lissafin giga 15 ɗin nan, a da ba ya ciki. Bidiyon wa'azi da na biki da ake ta turowa a guruf su kaɗai sun isa su cika shi, idan ya cika kuwa bakof ya tsaya, imel ma ya daina shigowa. Akwai kuma kullen da WhatsApp ya kawo a 2021, wanda mutum ke sa wa bakof ɗinsa kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64. Yana da kyau ga wanda zai riƙe. Wanda ya manta kuma wayar ta mutu, ko kamfanin ba zai iya buɗe masa ba. Masu GB WhatsApp da ire-irensa, waɗanda ba na kamfanin WhatsApp ba ne, ka gaya musu tun wuri ba ka ɗaukar musu alkawarin komai.

Duk wannan da na lissafa ba shi ne ya fi kayar da mutane ba. Kalmar sirrin Gmail ce. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa imel cikin minti biyu don Play Store ya yi aiki, ya sa kalmar da ta zo masa a baki, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa shi kansa a matsayin lambar dawo da asusu. Mai waya ya tafi bai san an yi ba. Wani dattijo mai sayar da hatsi daga wajen Ƙaura Namoda ya taɓa kawo min waya da mota ta taka, injin ya rabe biyu. Muka sa layinsa a wata wayar, muka gano sunan imel ɗinsa a jikin kwalin da ya zo da shi, har na fara murna. Na ce Alhaji, kalmar sirri fa? Ya dube ni ya ce, wace iri? Muka nemi a turo lambar tabbatarwa, sai ta nuna za ta je wani layi da ƙarshensa bai yi kama da nasa ba. Ya zauna a bencin nan yana jujjuya fasasshiyar wayar a hannu, ya ce, Malam, ko nawa ne zan biya, muryoyin nan kawai nake so, akwai bashin mutane a kaina akwai nawa a kansu. Mai yiwuwa kayansa suna can a ajiye lafiya lau, amma ba mu da hanyar isa gare su. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Shi ya sa tambayata ta farko ita ce kalmar sirri, kuma ba na yarda da na sani. Sai ya shiga da hannunsa a wata wayar na gani. Tun Android 5.1 a 2015 akwai kullen FRP: idan aka share waya ba a cire asusun Google ba, za ta tashi tana neman wannan asusun. Na san an koya maka tsallake shi, amma tsallakewa waya kawai take buɗewa, ba ta dawo da lamba ko ɗaya. Kuma wanda ya kawo waya a kulle, ba kwali ba rasit, bai san imel ba bai san lambar sikirin ba, ka ba shi haƙuri ya tafi da abarsa. IPhone ma haka take, sai dai iCloud, ma'ajiyarta ta intanet, giga 5 yake bayarwa kyauta, kullensa kuma ya fi na Android tsauri nesa ba kusa ba.

Idan wayar tana raye, ka gyara masa wannan tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar dawo da asusu ta zama layinsa na kansa, wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinsa, don ranar da ya ɓata da NIN ɗin za a yi masa welkam bak. Layin da aka yi rajista da sunan ƙane ko maƙwabci wahala ce ke jira. Layin da aka jefar a aljihu aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. Ya rubuta imel da kalmar sirri a takarda ya ajiye a gida inda yake ajiye takardun fili, ba a bayan kwandon waya ba. Ka kuma sanar da shi Google ya ce tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Masu tsoron kuɗinsu na OPay ko Moniepoint ko banki, ka kwantar musu da hankali, kuɗi ba a cikin waya suke ba. Layin da lambar sirri su ne abin tsarewa.

Ban yarda mutum ya dogara da intanet kaɗai ba, kuma mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kana nan a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan sadarwa a jihar nan saboda matsalar tsaro. Wanda wayarsa ta lalace a makonnin nan, ko da komai nasa yana Google, ba shi da hanyar sauko da shi. Saboda haka kwafi biyu nake so, ɗaya a intanet ɗaya a hannu, a filas ta kebul ɗin OTG mai jona shi da waya, ko a kwamfuta. Memorin da ke cikin wayar yana taimako idan injin ya ƙone, amma ɓarawo da shi yake tafiya, haka idan waya ta salwanta a wurin mai caji. Kada kuma ka mayar da memori ya zama ajiyar cikin waya idan ta tambaya, don zai kulle da wannan wayar kaɗai, wata ba za ta karanta shi ba. Jabun memori sun cika kasuwa, a rubuce giga 64, cikinsa bai kai 8 ba. Yana karɓar kaya kamar gaske, sai ranar buƙata hotuna su ƙi buɗewa. Ka cika shi da bidiyo ka buɗe na farko da na ƙarshe kafin ka sayar wa kowa.

Wayar da ta zo a mace ma kada ka yanke mata hukunci da wuri. Sikirin yana nunawa amma ba ya jin taɓi, jona linzamin kwamfuta ta OTG mai ita ya zana zanensa. Sikirin ya yi baƙi, ɗora na gwaji ba tare da ka manna ba, a kwashe kaya tukuna. Ta faɗa ruwa, cire batir, kada a sa ta a caji. Sau da yawa aikinmu shi ne mu tashe ta ko na rabin awa ne, a kwashe abin da ke ciki, gyaran gaske ya biyo baya. Wani tarko kuma a Google Photos: idan ka goge hoto a cikin manhajar, ya gogu a waya da intanet gaba ɗaya. Maɓallin samar da fili shi ne ke cire na waya kawai ya bar na can.

Saura amana, kuma a nan ba na sassauci. Wayar mutum akwai hoton matarsa a cikin gida, akwai na mahaifinsa da ya rasu, akwai maganar da ko ɗan'uwansa bai sani ba. Kwafi a gabansa ake yi. Fayil kake ɗauka gaba ɗaya, ba ka buɗe hotuna kana kallo. Kalmar sirri shi zai rubuta, kai ka kau da kai. Idan mace ce ta aiko yaro da waya, a kira ta a ji daga bakinta kafin a share komai. Kada ka taɓa sa imel ɗinka a wayar kwastoma don ka yi sauri, lambobinku za su cakuɗe, ta kuma kulle da sunanka. Yaron da na kama ya tura wa kansa hoton wani, ranar zai bar shagon nan. Kuɗin wannan aikin ka faɗa tun farko, daban da na gyara. A aljihun tebur na ƙasa akwai filas biyu da kebul. Baƙin shi ne na kayan kwastoma, idan an mayar masa da kayansa ya duba ya ce sun cika, ka share filas ɗin yana kallo kafin ya tashi.