Fim Ɗin Aljanu da Fim Ɗin Motoci: Wanne Zan Ci Gaba da Turawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan shagon tura fina-finai a waya da memori a Kurna, da shi nake ci da kaina da iyayena. Jeri biyu ne suka fi tafiya a wurina: na tsoro, wato The Conjuring da 'yan'uwansa Annabelle da The Nun, sai na motoci, Fast & Furious. A ganina na tsoron ya fi tsabta, domin babu tsiraici sosai, kuma yana tuna wa mutum cewa akwai aljanu. A fassarar Hausar da muke da ita ma "malam" ake ce wa fadan cocin, aikinsa kuma "ruƙiyya". Na motocin kuwa mata ne da kiɗa. Amma wani abokina ɗalibin ilimi ya ce duk wanda ya zauna ya kalli na tsoron ya kafirta, saboda gicciye da addu'o'in da ke ciki. Yawancin masu karɓar na tsoron 'yan firamare ne da ƙaramar sakandare, ƙanina ma tun da ya kalla ba ya iya fita banɗaki da dare. Wanne ya fi sauƙi a shari'a?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya sa albarka a nemanka, ya saka maka ɗawainiyar iyaye. Ka yi tambaya irin ta mai kallo alhali kai mai sayarwa ne, sannan ka bar maganar da ta fi komai nauyi a ƙarshe kamar ba ita ce ba: yara ne masu karɓa, ga ƙaninka ya kasa fita tsakar gida. A kan wannan hukuncinka zai tsaya.

Kallon tsiraici haramun ne, a titi ko a waya, haka duk abin da ya sa aka yi wasa da salla. Wannan ka sani. Saɓanin malamai kan kiɗa ma sananne ne, kuma ba nan gizo yake saƙar ba.

Fast & Furious ya fara a 2001 da tseren motoci a titi, ya kai na goma a 2023. Ɓarnarsa ido yana ganinta: taron 'yan tsere da mata cikin shigar banza, giya a teburin da ake kira na iyali, da ɓarawo da aka mayar gwarzo, kamar inda suka ja akwatin kuɗi da motoci biyu a titunan birnin Riyo na Brazil a kashi na biyar. Kada a raina wannan, domin yaron da ya ɗauki mukullin babansa ya je wasan mota ranar biki, ko ya ɗaga kan babur a tsakiyar jama'a, ba daga sama ya koyo ba. Sai dai ƙaryar fim ɗin a fili take. Mota ta tsallaka daga bene zuwa bene a Abu Dabi a kashi na bakwai, a na tara har sararin samaniya aka kai ta. Ko ɗan firamare dariya yake yi, ya san shirin fim ne. Yawancin dattinsa kuma a wurare ne ƙidayayyu, ana iya yanke su labarin bai rushe ba.

Na tsoron ba haka yake ba. The Conjuring ya fito a 2013, Annabelle a 2014, The Nun a 2018, kuma an gina jerin ne a kan Ed da Lorraine Warren, miji da mata 'yan Amurka da suka rayu da gaske, matar tana da'awar tana ganin abin da ke ɓoye. Ana tallata shi da cewa ya samo asali daga abin da ya faru. Yaro ba ya kallonsa a matsayin tatsuniya, darasi yake ɗauka. Me ya koya? Cewa matacciya tana zama a gidanta ta addabi masu rai, alhali Alƙur'ani ya ce a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su, kuma Annabi (SAW) ya kore "hama", wato camfin jahiliyya na cewa kurwar wanda aka kashe tana komawa mujiya. Cewa mai duba ce ke gano bakin zaren. Cewa tsira tana cikin gicciye da ruwan da fada ya yi wa addu'a. A The Nun ma da abin da suka kira jinin Almasihu aka ci galabar shaiɗanin, mu kuwa aƙidarmu ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. To wane wuri za ka yanke? In ka cire wannan babu fim.

Batun yana tuna wa mutum aljanu, ina ma ka sake dubawa. Mun yi imani da aljanu ne a gwargwadon da Allah ya ajiye su: "lallai kaidin Shaiɗan mai rauni ne." Abu Dawuda ya ruwaito cewa dabba ta yi tuntuɓe da Annabi (SAW), wanda ke goye a bayansa ya ce tir da Shaiɗan, sai ya hana shi, ya ce in ka faɗi haka kumbura yake har ya zama kamar ɗaki, ka ce bismillah, sai ya ƙanƙance ya koma kamar ƙuda. Kalma ɗaya ke nan. Ina ga awa biyu ana nuna shi yana jifa da mutane a bango, ana kiran Allah ba ya ko gezau? Fassarar da kake yabo kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Da an bar shi da Turanci, yaro zai ce addinin wasu ne. Da aka ce "malam" aka ce "ruƙiyya", an rushe katangar, gicciye ya shigo cikin abin da yaro yake zaton nasa ne.

Maganar abokinka kuwa kuskure ce, kuma ba ƙarama ba. Na san inda ya ɗauko ta: aya ta 140 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana zama inda ake kafirce wa ayoyin Allah ana yi musu izgili, ta ce in kun zauna ku ma kamarsu ne, sai ya haɗa da ƙa'idar "yarda da kafirci kafirci ne". Ƙa'idar gaskiya ce, ɗora ta ne bai iya ba. Yarda aikin zuciya ne, kallo aikin ido. Malamai sun rarrabe: wanda ya zauna yana jin daɗin kafircin, ya gamsu da shi, shi ne kamarsu a kafirci, wanda ya zauna zuciyarsa tana ƙi, yana da ikon tashi bai tashi ba, kamarsu yake a saɓo. Saurayin da ya kunna fim don gabansa ya faɗi, bai taɓa raya cewa gicciye yana amfani ko cutarwa ba, ta ina aka leƙa zuciyarsa aka ga yarda? In ganin gicciye kaɗai yana fitar da mutum daga Musulunci, ya za mu yi da mai adaidaita sahun da ke wucewa ta gaban coci-coci a Sabon Gari sau goma a wuni, yana jin waƙoƙinsu? Zai ce wancan bai zaɓa ba, wannan ya zaɓa. Gaskiya ne, kuma zaɓin shi ne ya sa muka ce mai kallon ya yi laifi, ya kai aƙidarsa bakin rami. Amma tsakanin laifi da ridda akwai tafiya mai nisa, akwai sharuɗɗa da abubuwan da ke hanawa, kuma yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin ba aikin majalisar ƙofar shago ba ne. Ka tambaye shi: ya shirya ya ce auren duk magidancin da ya kalli Annabelle ya warware, ba za a yi masa salla ba, 'ya'yansa ba za su gaje shi ba? Abin da kalmar take jawowa ke nan. In bai shirya ba, ya janye ta. Hadisin wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri tana komawa kan ɗayansu ya san shi, a Buhari da Muslim yake. Irin wannan zafin ma ba ya hana kowa kallo, sai dai yaro ya ji an ce ya riga ya kafirta, ya ce to me ya rage. Ka gaya masa cikin ladabi, kishinsa mai kyau ne, ya ƙara zama gaban malamai.

Mu koma shago. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, domin mai sayarwa yana da rabo a abin da ya san za a yi da hajarsa. Kai ka san masu karɓa, ka ga abin da ya yi wa ɗan gidanku. Su kansu masu fim ɗin, a Amurka an sa wa The Conjuring alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sinima sai da babba. Annabi (SAW) kuma ya ce bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, a kan wasan ɓoye igiyar mai barci ma ya faɗe ta. Saboda haka tura wannan jerin ga yara haramun ne a kanka, ba na shakka. Ga manya ma ban ga hanyar halatta maka kuɗinsa ba, tunda abin ƙin shi ne jigon hajar. Ka goge shi.

Na motocin ban ce halal ne yadda yake ba. Alamar PG-13 da yake ɗauke da ita, wato gargaɗi ga iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, ma'aunin Amurka ce, tana barin shigar da shari'a ba ta bari. In za ka ci gaba da shi, sai ka tace. Ka kalli kowane kashi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, da takarda a hannu, kana rubuta mintin da abin ya fara da inda ya ƙare. Ka fi sa ido a wuraren taron tsere, gidan rawa da bakin teku. Ka yanke da manhajar yanka bidiyo, ka ƙara daƙiƙa biyu gaba da baya, domin yanka daidai-wa-daida yakan bar ɓurɓushi. Ka saurari muryar mai fassara, wani lokacin hoton lafiya lau, batsar a bakinsa take. Ka duba gefen hoton, kwafin da ake saukewa daga intanet sau da yawa da tallan caca liƙe a jiki, in bai fita ba ka bar kwafin. Inda aka fi faɗuwa shi ne a tace a bar na asalin a kwamfuta: ranar da ka je jana'iza yaron shago zai kwashe jakar gaba ɗaya ya tura. Goge na asalin. Kashin da ka ga in an yanke ba abin da zai saura, ka haƙura da shi. Talabijin ɗin ƙofar shago kuma a kashe ta in an kira salla, kada yara su taru a kanta har bayan isha.

Akwai batun haƙƙin masu fim, wanda Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC), ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988, da ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a kan masu sana'arku. Wannan tambaya ce mai zaman kanta. Shawarata dai ka fara raba ƙafa tun yanzu: cajin waya, sayar da memori da caja, tura karatu da darussan makaranta. Kuɗin baya da ka ci cikin rashin sani, ka yi istigfari, ka yi sadaka gwargwadon hali, kada waswasi ya hana ka ciyar da iyayenka.

Ƙaninka kuma kada a yi masa dariya, kada a ce ya yi shirka. Tsoro na ɗabi'a ne, Annabi Musa ma ya ji tsoro da ya ga igiyoyin matsafa. Kada kuma a yi saurin cewa aljanu sun shige shi a kama yawon gidajen masu magani, wannan tabbatar masa da fim ɗin ne. Kai da ka tura masa, kai za ka zauna ka gaya masa 'yan wasa ne da kwalliya da na'urar sauti. Ka raka shi banɗaki da fitila na wasu kwanaki, ka koya masa addu'ar shiga. In zai kwanta ya karanta Ayatul Kursiyyu, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a tafukansa ya shafe jiki, sau uku. Waya ta kwana a ɗakin mahaifiyarku. In aka yi makonni yana firgita cikin barci, ko ya fara fitsarin kwance, ko karatunsa ya ja baya, ku kai shi wurin likita.

Wallahu a'alam.