Hukuncin koya wa ɗalibai rabon adalci da ilimin ƙididdiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Nakan ba ɗalibai aiki irin wannan: ga buhun gero 40 na tallafin azumi, ga gidaje 150 a Rigasa, su ƙidaya masu ci a kowane gida, su fitar da rabo. Wani uba ya ce ina koya wa yara yanke hukunci da ra'ayinsu. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka ci gaba, ɗan'uwa, halal ne. Huzaifa (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa a rubuta masa waɗanda suka musulunta, suka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, wato rajistar sunayen jama'a, don rabon dukiyar baitulmali. Ƙidaya kafin rabo daɗaɗɗen abu ne a wurinmu.

Sai dai tsoron uban nan yana da tushe, kada ka raina shi. Abin da nassin Alƙur'ani ko Hadisi ya yanke, kamar gado, aikin lissafi a cikinsa zartarwa ne kawai. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kashi biyu cikin uku. Dukiya ta kasa. Sai aka yi auli, wato aka ƙara yawan kason da ake raba dukiyar a kai, asalin mas'ala ya tashi daga 6 zuwa 7, miji ya ɗauki 3, su 4, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Wannan ka koya musu yadda yake, kada su taɓa shi da sunan gyara.

Geron tallafi kuwa yana cikin abin da aka bar wa ijtihadi. Abubakar (RA) ya raba dukiyar baitulmali daidai wa daida, Umar ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci, kuma babu wanda ya ce ɗayansu ya yi zalunci. A mazhabarmu ta Malikiyya ko zakka ba dole ba ne ta game dukkan kashi takwas na masu karɓarta da aka ambata a Suratut Tauba, ana duba wanda ya fi buƙata.

Ka kula da matsakaicin adadi, yana ɓoye mai rauni. In yara sun ce kowane gida mutum 7 ne, bazawara mai marayu 11 ta cutu. Kuma su yi aiki da lambobi a madadin sunayen gidaje, talaucin maƙwabci ba abin tallatawa a aji ba ne.

Wallahu a'alam.