Ana Leƙa Shagon Agogona Na Intanet, Amma Ciniki Shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da agogunan hannu a babbar kasuwar Sakkwato, shekara 9 ke nan. Bara wani yaro ya buɗe mani shafin sayarwa a intanet, muka zuba kaya sama da kala 100. Ana shiga, musamman in na yi talla a Facebook, amma ciniki shiru. Yanzu yaron ya ce in ƙara kuɗi ya sake fasalin shafin, ya sa launuka da hotuna masu motsi. In biya ne, ko in rufe in rungumi teburina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Kada ka rufe, kuma kuɗin kwalliyar nan ka riƙe abinka tukuna. Tunda ana shiga, ai talla ta yi aikinta. Abin da ke korar mutane yana cikin shafin, kuma na fi zaton ba launi ba ne.

Fara da wannan gwaji yau ɗin nan. Ari wayar yaron shagonka, ba taka mai tsada ba, ka tsaya cikin rumfa inda sabis ke rawa, ka yi kamar kai ne mai saye tun daga shiga har biya. In ka ƙirga biyar hoto bai fito ba, to haka mai sayenka na Mabera ko Arkilla yake gani, kuma shi ba zai jira ba. Sau da yawa nauyin hotuna ne sanadi. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 4, idan an jera 20 a shafi guda ka cinye wa bawan Allah megabait 80 na datarsa bai ga komai ba. Ana iya matse kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Hotuna masu motsin da ake so a sa maka nauyi za su ƙara.

Yanzu tuna yadda ciniki yake a teburinka. Mutum ya ɗauki agogo, ya ɗaura a hannu, ya juya bayansa, ya ji nauyinsa, ya jefo maka tambaya biyu ko uku. A intanet duk wannan ya ɓace, sai abin da ka nuna masa. Saboda haka ka daina sa hotunan kamfani da ake kwasowa a intanet, kowa ya san su, kuma 'yan damfara ma da su suke aiki. Ɗauki naka: fuska, baya, makullin igiya, sannan ɗaya a hannun mutum da hannun kaftani a gefe, don a ga girmansa na gaske. A inuwa za ka ɗauka, da hantsi ko bayan la'asar, domin ranar Sakkwato in ta daki gilashi ba abin da za a gani sai ƙyalli. Wata dabara ta masu tallar agogo a duniya: suna saita hannayen a ƙarfe 10 da minti 10, saboda sunan kamfanin ya fito sarai a tsakiya.

A ƙarƙashin hoton kuwa, rubuta amsoshin da bakinka ya gaji da bayarwa. Faɗin fuska milimita nawa ne? Mai siririn hannu 36 zuwa 38 ya fi yi masa kyau, yawancin maza 40 zuwa 42, daga 44 kuma sai mai son abin da za a hango daga nesa. Da batir yake aiki ko da motsin hannu? Wannan kada ka tsallake shi. Agogo mai aiki da motsin hannu irin Seiko 5 idan aka ajiye shi kamar kwana biyu ba a ɗaura ba tsayawa yake, wanda bai sani ba sai ya ce mataccen kaya ka aiko masa. Sai maganar ruwa, wadda a garinmu ita ce tambayar farko saboda alwala. Rubutun 30M ko 3 ATM da ke bayan agogo ba ya nufin a nutsa da shi mita 30, fantsamar ruwa kawai yake jurewa. Mai son yin iyo da agogonsa sai mai 100M. Ka fassara wannan da Hausa a fili: "Yana jure fantsamar alwala, ba a wanka da shi." Haka igiya: ka gaya wa mai aikin rana cewa zufar watan Afrilu tana cin ta fata, ta ƙarfe ko ta roba ta fi masa.

Farashi a rubuce, Alhaji, da manyan lambobi. Na san mu mutanen tayi ne, ba ma jin daɗin ciniki sai an ce albarka sau biyu. To amma wanda aka ce wa sai ya turo saƙo kafin ya ji kuɗi yakan ɗauka za a duba hotonsa ne a yanka masa farashi. Sa kuɗin, sannan ka ajiye maɓallin WhatsApp kusa da shi don mai son neman ragi, kuma a samu wanda zai riƙa amsawa da wuri.

Akwai maganar da wasu 'yan kasuwa ba sa son ji. Idan agogo orijina ne ka ce orijina ne, idan kwafi ne kada ka bar mai saye cikin duhu. Casio F-91W da ya fito tun 1989 har yau ana buga jabunsa, kuma masu saye sun waye. Mai sunan babban kamfani a kan jabu dai shawarata ka cire shi daga shafin kwata-kwata, ka sa masu araha da sunansu na gaskiya, irin su Skmei da Curren. Rubuta garantin da kake bayarwa da kwanakin da za a iya dawo da kaya. Ka kuma sa hoton rumfarka da layin da take a kasuwa. Wanda ya san inda zai same ka gobe ya fi sakin jiki ya tura kuɗi yau.

Kala 100 a jere guda gajiyarwa ce. Kasa su yadda ake tambayarka: na maza, na mata, na yara, na lefe, masu tuna lokacin sallah irin Al-Fajr da Al-Harameen, sannan bisa ƙarfin aljihu. Wanda ya ƙare a cire shi.

Wurin biya nan ne ake yawan zubar da cinikin da ya riga ya faɗa. Kada a tilasta wa kowa yin rajista da kalmar sirri don agogo ɗaya. Suna, lambar waya, gari da kwatance sun isa, kuma a bar fili mai faɗi ga kwatancen, tunda mu "bayan masallacin Juma'a" muka sani, ba lambar gida ba. A ba da zaɓin taransifa da na kati ta hanyar kamfanin karɓar kuɗi a intanet irin Paystack. Sunan asusun ya zama ɗaya da sunan shagon, wanda yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC zai sauƙaƙa maka, don mutum in ya ga baƙon suna sai hannunsa ya yi sanyi. Kuɗin kai kaya ma a faɗe shi tun farko: cikin gari nawa, Birnin Kebbi ko Gusau ko Illela ta tasha nawa, kwana nawa.

Shi kuma yaron da ya buɗe maka shafin, kira shi ku zauna. Ka biya shi ladan waɗannan gyare-gyaren, rabi yanzu, rabi bayan ka sake gwadawa da wayar nan ta yaron shago. Kafin ya taɓa komai ka tabbata sunan shafin da kalmomin sirrinsa suna hannunka, da sunanka aka yi rajista, ba nasa ba. Sannan ya nuna maka inda ake ganin adadin masu shiga, ka riƙa rubuta shi kowace Juma'a tare da adadin waɗanda suka saya. A gama aikin da wata ɗaya kafin Sallah, lokacin da ake neman agogon da zai hau da sabuwar shadda.