Caji ba ya zama a jikin tauraro

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tambaya ko cajin lantarki zai iya hana tauraro mai mutuwa ruftawa ya zama baƙin rami, wato wurin da jan nauyi ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya kuɓuta. A kan allo, da alli a hannu, zai iya. A sararin samaniya kuwa da kamar wuya.

Na daɗe ina koyar da fizik a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim. Ɗakin gwajinmu balan-balan ne da zare. Da hunturu sai in hura biyu in rataye a azara, yara su goga su a kansu, nan take su ƙi juna kamar kishiyoyi. Caji iri ɗaya ture juna yake, nauyi kuwa janyowa kawai ya sani.

Idan makamashin tauraro ya ƙare, nauyinsa ne ke danne shi. Masanin taurari Candarasekar, wanda ya fara lissafin a 1930 cikin jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila, ya nuna cewa gawar tauraro ba ta iya riƙe kanta idan ta wuce nauyin rana sau 1.4. Daga nan sai a cusa ilektiron (ƙwayoyin zarra masu cajin negetif) cikin furoton (masu cajin fozitif) su koma niyutiron marasa caji, abin ya dunƙule ya zama curi mai faɗin kilomita 20 ko makamancin haka. In ya haura nauyin rana biyu da 'yan kai, sai baƙin rami.

To zuba wa curin nan cajin fozitif. Turin da ke tsakanin furoton biyu ya ninka jan nauyinsu sau 1 mai sifili 36 a baya, don haka tauraron zai iya ɗaukar ƙarin kaya bai rufta ba. Masana fizik biyu, Raisna a 1916 da Nodistirom a 1918, sun warware lissafin Ainstain na baƙin rami mai caji, inda bakinsa, wato iyakar da in an ƙetare ba dawowa, ke fitowa ya fi na marar caji ƙanƙanta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙarfin lantarkin shi ma nauyi ne da shi, wato yana turawa yana kuma ƙara wa mai dannewa kaya.

Amma caji nawa ake buƙata? Wajen kulom (ma'aunin caji) 1 mai sifili 20. Tsawar da ke tsaga kuka ba ta cika wuce 'yan gomomin kulom ba.

Ga inda na sha kunya. Wata shekara muka yi baƙi cikin Agusta, na ce bari in burge su. Yara suka goga, suka sake gogawa har kai ya yi zafi, balan-balan suna manne da juna ko gezau. Laimar damina ta kwashe cajin tun bai zauna ba. Haka abin yake a can sama: kewayen tauraro cike yake da ilektiron da furoton masu yawo, da ya yi fozitif sai ya janyo negetif ya cinye shi. In ma cajin ya kai wancan adadi, ƙarfinsa zai riƙa ƙyanƙyashe ilektiron da kishiyoyinsu masu cajin fozitif daga sarari, su sauke cajin. Shi ya sa masu nazarin hoton 2019 na baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87 nauyi da juyawa suka fi lissafawa.

In za ka gwada na balan-balan, ka jira Disamba, kuma kada yaran su shafa mai a ka.