Hukuncin Saye Da Ajiye Kwaikwayon Ƙwarangwal Na Kwaɗin Zamanin Da

Tambaya: Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina koyar da ilimin halittu, kuma na ga ana sayar da ƙwarangwal na roba na wani ƙaton kwaɗo da ya ƙare tun zamanin da. Shin ya halatta in saya domin ɗalibai, ko in ajiye a falona, ko kuwa hukuncinsa na gunki ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Kwaɗon da aka fi yi wa wannan zubi shi ne Beelzebufo, wanda aka fara tono ɓurɓushin ƙasusuwansa a arewa maso yammacin Madagaska a 1993, masana suka bayyana shi a 2008, suna ƙiyasta cewa ya rayu shekaru miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce. Abin da ake sayarwa ba ƙashi ba ne, roba ce da ake zubawa a mazubi ta daskare, a shafa mata launin tsohon ƙashi, a kafa ta a kan katako. Saboda haka maganar najasar mushe ba ta taso ba, abin dubawa shi ne babin sura.

Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai, kuma hadisin Jabir ya haramta cinikin gumaka. Sai dai malamanmu na Malikiyya, cikinsu har da Shehu Dardir, sun gindaya sharuɗɗa kafin sura ta haramta: ta kasance ta abu mai rai, tana da inuwa (wato mai jiki ce, ba zane ba), kuma gaɓoɓinta sun cika. Idan ta rasa abin da dabba ba ta rayuwa sai da shi, haramcin ya faɗi. Wannan ya dace da hadisin Abu Dawud da Tirmizi, inda Jibrilu ya yi umurni a cire kan mutum-mutumi ya koma kamar itace.

To, ƙwarangwal yana da inuwa, amma ba shi da fata, ba tsoka, ba idanu, ramuka ne kawai a ƙoƙon kai da ƙashin baya a fili, kuma babu mai hankalin da zai ce kwaɗo yana rayuwa a haka. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne halacci, musamman don karantarwa a aji ko nuni a gidan adana kayan tarihi, domin Allah Ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fara halitta. Akwai malaman da suka tsananta matuƙar kan yana nan, kuma wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa.

Ajiyewa a falo don ado kawai, barinsa ya fi, kuma idan kuɗin ya yi yawa har ya taɓa haƙƙin iyali, ya shiga almubazzaranci. Cikakken mutum-mutumin kwaɗon mai fata da idanu kuwa, wannan sura ce cikakkiya, kada ka saya don ado. Sunan Beelzebufo da aka laƙaba wa kwaɗon, wanda ke nufin kwaɗon shaiɗan, laƙabi ne na masana, ba ya canza hukunci. Allah ne Mafi sani.