Jiri da suma ga mai na'urar bugun zuciya

'Yar'uwa, kin ce Baba ya yanke jiki ya faɗi yana alwala a unguwar Nima ta Accra, alhali an dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya. Allah ya ba shi lafiya. Kada ku ɗora wa zafin rana. Wani lokaci wayar na'urar ce ke gocewa, ko batirin ya yi sanyi, sai bugun ya ja baya, jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ki ƙirga bugun na minti ɗaya. Galibi ana saita na'urar ne kada bugun ya gaza 60 a minti ɗaya. Ko ya cika 60 ɗin, suma ba abin jira ba ce, ku kai shi sashen zuciya na asibitin Korle Bu yau, da katin na'urar. In ya sake faɗuwa, ku kira lambar gaggawa ta Ghana, 112.